Tsaunukan Rairayi na Marzuga

Tsakanin birnin Fas da ƙauyen Marzuga, can kudu maso gabashin Maroko, tafiyar kilomita kusan 470 ce, kuma hanya ce da ta cancanci a bi ta a mota, ido buɗe. Ni da abokaina mota muka ɗauka haya bayan mun gama ziyarar zawiyar Shehu Ahmadu Tijjani, muka fita da sanyin asuba a tsakiyar hunturu. Hantsi bai gama dubin ludayi ba muka isa Ifran, garin da Faransawa suka gina a 1929 a kan duwatsun Atlas, gidajensa masu jan rufi mai tsini, dusar ƙanƙara kwance fari fat a gefen titi. A wannan garin aka taɓa auna sanyi mafi tsanani a nahiyar Afirka, digiri 23.9 ƙasa da sifili, a 1935. Gaba kaɗan, a dajin Azru, birai marasa wutsiya suna zaune a bakin hanya suna jiran gyaɗa daga hannun matafiya.

Daga Midalt, garin tuffa, ƙasa ta fara yin ja. Itatuwa suka ƙare, hanya ta ratsa ta cikin wani dutse da aka huda, ta faɗa kwazazzabon kogin Ziz. Bayan Rashidiyya muka tsaya a kan wani tudu muka leƙa ƙasa: dabino ne kore shar, ya cika kwarin yana bin kogin iyakar ganin ido, dama da hagu kuwa dutse ne tsirara, ko ciyawa babu. A Irfud mun shiga wurin masu sassaƙa baƙin dutse suna yin tebura da faranti. Idan suka zuba ruwa a kan dutsen sai ka ga siffar dodon koɗi da wasu dogayen halittun ruwa sun fito raɗau a jikinsa. Masana sun ce teku ne ya rufe wannan yankin fiye da shekaru miliyan 350 da suka wuce.

A Risani ne jikina ya yi sanyi. A bayan garin akwai ragowar katangun ƙasa, sun zaizaye, awaki na kiwo a tsakaninsu. Wannan kufan shi ne Sijilmasa, birnin da aka kafa a shekarar 757, babban zangon ayarin da ke kai gishiri da tufafi kudu, su dawo da zinariya. Daga nan Ibn Battuta ya tashi a 1352 zuwa Mali. Kwana 25 ayarinsu ya yi kafin ya kai Tagaza, inda ya tarar da gidaje da masallaci an gina su da tubalin gishiri. Da zai koma gida ta Takadda ya biyo, cikin ƙasar Nijar ta yau. Mun daɗe tsaye ba mai magana.

Daga Risani sai fili baƙi ƙirin, tsakuwa zalla, shimfiɗe ko'ina. Mafi yawan Sahara haka take, dutse da tsakuwa. Rairayi kaso ne kaɗan a cikinta. Muna cikin wannan baƙin filin da la'asar, sai wani abu ya taso daga gabas, ja-ja, ka rantse jerin tsaunuka ne. Abokinmu ɗan Damagaram, wanda ya san hanyar Agadas tun yana yaro, ya dafa kafaɗar mai tuƙi ya ce, "Malam, rage gudu. Wancan fa ba dutse ba ne, rairayi ne." Erg Shabbi ke nan. Tsawonsa daga arewa zuwa kudu ya kai kilomita 28, faɗinsa tsakanin 5 zuwa 7, wasu tuddansa kuma sun kai mita 150. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne yadda yake farawa farat ɗaya. Ƙafarka ta hagu tana kan baƙar tsakuwa, ta dama ta nutse cikin jan yashi.

Muka bar mota a Marzuga, wani saurayi Ba'amazige mai shuɗin rawani ya ja akalar raƙumanmu zuwa ciki. Da muka isa gindin babban tudun ya ce mu sauka, mu tuɓe takalma, mu bi ta kan doron tudun inda iska ta danne yashin ya yi tauri. Duk da haka hawan ba wasa ba ne. Ka ɗaga ƙafa ka taka, yashi ya zame da kai ya mayar da kai rabin takun. Gefen da rana ke duka yana da ɗumi, ɗaya gefen kuwa, tazarar taki guda, sanyi ƙalau har cikin ƙashi. Na ɗebi yashin a tafin hannu, laushinsa kamar garin tuwon da aka tankaɗe sau biyu, ya zurare ta tsakanin yatsuna bai bar ƙura ba. A ƙololuwa muka zube muna haki. Ta gabas ana hango duwatsun da ke wajen iyakar Aljeriya. Rana na sauka launin yana sauyawa a gaban idonmu, daga ruwan zinariya zuwa jan garwashi, daga nan ya koma ruwan toka mai shuɗi-shuɗi, inuwar kowane tudu tana miƙewa ta hau na bayansa. A nan muka yi taimama muka ba da faralin magariba, babbanmu ya ja mu.

Da dare ya yi, sanyi ya sauko da gaske, domin busasshiyar iska ba ta riƙe zafin rana. Muka kewaye wuta a bakin tanti, kowa ƙudundune cikin bargo, ana zuba shayi mai na'ana'a daga sama yana kumfa. Taurari sun yi ƙasa-ƙasa, Kaza da 'ya'yanta a tsakiyar sama, ana ƙirga su ɗaya bayan ɗaya. Jagoranmu ya ba mu labarin da suka gada: wai a da can akwai wasu masu arziki a wurin, wata matalauciya da ɗanta suka nemi masauki aka kore su, sai Allah ya aiko da iska ta binne garin. Babbanmu ya gyaɗa kai ya ce, "Yaro, Allah ya yi maka albarka. Ko a wajenmu ba a korar baƙo."

Da gari ya waye iska ta share sawunmu na jiya tas, ta bar nata zanen, layi-layi. A kan zanen kuma ga sawun masu yawon dare: ɗige-ɗigen ƙafar buzuzu a jere, jan wutsiyar ƙadangare, da ƙananan sawun yanyawa da suka zagaya tantinmu suka wuce. Jagoran ya durƙusa a wani kwari tsakanin tuddai biyu, ya yi ta tono da hannu har damtsensa ya nutse, ya fito da yashi mai danshi ya damƙa mini. Tuddan nan suna shanye ɗan ruwan saman da ke sauka, su ɓoye shi daga rana. A ƙauyen Hasi Labyad, gefen yashin, mutane sun haƙa jerin rijiyoyi suka haɗe su ta ƙarƙashin ƙasa, ruwan yana gangarowa da kansa ba inji, yana shiga lambuna bi da bi, kowane gida da lokacinsa. Na ga dabino a sama, ƙarƙashinsa albasa da karas da ciyawar dabbobi, an kuma kafa shingen ganyen dabino don tare yashi. A ganina wannan ya fi faɗuwar ranar jiya zama abin al'ajabi.

Kafin mu juya mun leƙa Khamliya, kilomita 7 kudu da Marzuga, ƙauyen baƙaƙen fata 'yan Ginawa, jikokin waɗanda aka ƙetaro da su hamada a zamanin cinikin bayi. Sanye da fararen kaya suka yi mana kiɗa da wani abin tsirkiya uku ɗan'uwan gurmi, da ƙarafan hannu waɗanda ba su da maraba da sambanin da matanmu ke kaɗawa. Abokinmu ɗan Damagaram ya sunkuyar da kai, hawaye na zuba. UNESCO ta sanya wannan kiɗa cikin kayan gadon duniya a 2019.

Abu ɗaya ya ɓata mini rai. Babura masu ƙafa huɗu da manyan motoci suna ta ruri a kan tuddan tun safe, suna murƙushe ramukan dabbobi da 'yar ciyawar da ke riƙe yashin, otal-otal masu wurin ninƙaya kuma suna zuƙar ruwan da lambunan suka dogara da shi. Wanda Allah ya nufa da zuwa, ya je tsakanin Oktoba da Afrilu, don zafin bazara a can yana haura digiri 45. Ya tafi da rigar sanyi mai kauri, ya shiga yashin da ƙafa ko a kan raƙumi, ya kwaso sharar da ya yi, ya kuma yi tsimin ruwa a masauki, domin na masu lambu ne yake sha.