Ƙwai a Baka ko Kaza a Akurki?

Malam Edita, ina roƙon ɗan fili in ba 'yan'uwana ɗalibai labarin wata gardama da aka yi a ɗakin kwananmu cikin watan Maris da Afrilu na 1923 da ɗari, watau 2023, shekarar da na shigo wannan kwaleji. Waɗanda gardamar ta hana barci ba su manta ba. Ni kuwa ina da dalilin da ya fi nasu na tunawa da ita, gama daga baya ta bi ni har wurin aiki, ta sa na yi abin da har yau na ke jin nauyinsa.

Ƙwallon kwando na fara ganinsa a makarantar mishan da na yi, inda a ke da fili na siminti duk ya tsattsage, da zobe ɗaya mai kyau, ɗayan kuwa ya karkace. A can aka gaya mana wani malami ne, James Naismith, mutumin Kanada, ya ƙago wasan a 1891 a wata kwalejin horarwa a Springfield ta Amurka, don ɗalibansa su sami abin motsa jiki cikin ɗaki lokacin sanyi. Kwandunan zuba 'ya'yan itace ya kafa musu. Ashe wasan namu ne, mu malamai, tun asalinsa.

A ɗakinmu kusan kowa ƙungiyar Toronto ya ke goyon baya, ba don mun san garin ba, sai don shugabanta na lokacin, Masai Ujiri, a Zariya ya tashi, shi ne kuma ya harhaɗa 'yan wasan da suka ci kofin NBA a 2019. Mu kan ce ƙungiyar gida ce.

Kafin in shiga gardamar, bari in bayyana wa wanda bai sani ba yadda abin ya ke. Ƙungiyoyi 30 ne, 15 a gabas, 15 a yamma, ko wace tana yin wasa 82 a shekara. Takwas daga ko wane sashe su ke shiga wasannin fid da gwani, inda ta ɗaya ke karawa da ta takwas, ta biyu da ta bakwai, haka har ƙasa, wadda ta riga cin wasa huɗu ta wuce. Daga ta bakwai zuwa ta goma kuwa sai sun yi wasan share fage tukuna, a fid da biyu. Abin mamaki shi ne abin da a ke yi wa waɗanda suka faɗi. Ko wace shekara a kan yi rabon samarin 'yan wasa masu tasowa, ƙungiyoyin da ba su kai fid da gwani ba su a ke jefa wa ƙuri'a don a ga mai zaɓen fari, waɗanda suka fi shan kashi kuwa a lokacin su suka fi samun rabo a ƙuri'ar. An yi haka don a taimaki raunana. Amma ɗan Adam da wayo, sai waɗansu suka ga ashe faɗuwa ma sana'a ce.

To, a shekarar nan Toronto ba ta sama, ba ta ƙasa, tana ta lilo tsakanin ta takwas da ta goma. Nan abokaina biyu suka rabu. Ba zan faɗi sunayensu ba. Ɗaya sai in kira shi Sarkin Yaƙi, don ba ya jin kira in an fara wasa, ɗayan kuwa Akawu, don ba ya magana sai da alƙalami a hannu.

Sarkin Yaƙi ba abin da ya dame shi sai wadda za mu fara gamuwa da ita. In mun zo ta bakwai, Boston ce. In ta takwas, Milwoki. Ya ce shi Milwoki ya ke so, ko da ya ke ita ce ta ɗaya, kuma tana da Giannis Antetokounmpo, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne. Dalilinsa, a 2019 Milwoki ta ci mu wasa biyu na farko, muka juyo muka ci huɗu a jere. Boston kuwa ita ta fid da mu a 2020, huɗu da uku, har yanzu bai huce ba.

Akawu ya yi dariya, ya ce, "Kai abokina, akuya ce ke zaɓen mahaucin da zai yanka ta? Ko Boston ko Milwoki, sati biyu mun dawo gida, ba kofi, ba zaɓe mai kyau. Gara mu sauka ƙasa tun yanzu. Ja da baya ga rago ba tsoro ba ne." Sa'an nan ya buɗe littafinsa. A shekarar akwai wani yaro Bafaranshe, Victor Wembanyama, tsawonsa ya wuce ƙafa bakwai, kowa na ƙishinsa. Ya tuna mana Houston ta yi shekara ta shan kashi, ta ci 29 ta faɗi 53, a 1984 ta sami zaɓen fari ta ɗauki Hakeem Olajuwon, haifaffen Ikko, shi ya kawo mata kofi a 1994 da 1995. San Antoniyo ta ci wasa 20 kaɗai, ta ɗauki Tim Duncan a 1997, ta ci kofi biyar da shi. Toronto kanta a 2021 ta bar neman wasan share fage, ta ƙare da 27 da 45, ƙuri'a ta ba ta zaɓe na huɗu, ta ɗauki Scottie Barnes, aka ba shi gwarzon sababbin 'yan wasa a 2022.

Sarkin Yaƙi ya miƙe tsaye bisa gado, ya ce, "To, ka ba su labarin Filadelfiya mana!" Gaskiya kuwa labarin ba ya yi wa Akawu daɗi. Daga 2013 zuwa 2016 Filadelfiya ta rushe ƙungiyarta da gangan, ta ci wasa 19, sa'an nan 18, sa'an nan 10 kacal cikin 82. Ta sami Joel Embiid na Kamaru a zaɓe na uku a 2014, gwani ne ba shakka, amma a 2019 Toronto ce ta fid da ita a wasa na bakwai, da jifar Kawhi Leonard wadda ta yi tsalle sau huɗu bisa zobe kafin ta faɗa. Toronton da ta ci kofin nan kuwa ba ko mutum ɗaya a cikinta da aka ɗauka cikin 14 na farko. Leonard na 15 ne, Pascal Siakam na Kamaru na 27, Fred VanVleet ma ba wanda ya zaɓe shi. Har wa yau, tun 2019 an rage rabon ta ƙarshe daga kashi 25 cikin ɗari zuwa 14. Ya ce, "Watau ka ƙone rumbunka don kashi 14? Ƙwai a baka ya fi kaza a akurki."

Akawu bai ji kunya ba. Ya ce, "Kai da ka ke son mu zo ta takwas maimakon ta bakwai don ka guje wa Boston, ba faɗuwa ka ke roƙo ba? Taka ƙarama ce, tawa babba, amma duk kanwar ja ce." Sai ɗaki ya ɗauki shewa. A daren nan ni na koma bayan Akawu, don na ga maganarsa ta masu ilmi ce, ni kuwa sabon shiga kwaleji, ina son a ce ina da ilmi.

Ga yadda aka ƙare. Toronto ta ci 41 ta faɗi 41, ta zo ta tara. Ran 12 ga Afrilu, da tsakar dare a agogonmu, muka taru mu bakwai bisa waya guda, muka ga Shikago ta cinye ta 109 da 105 a wasan share fage, bayan Toronto ta ɓarar da jifa 18 cikin 36 na waɗanda a ke ba wanda aka yi wa keta. Ba Boston, ba Milwoki, zaɓen da ta samu kuwa na 13. Akawu ya ce ai ya faɗa. Amma kafin ya gama murna, Miyami wadda ta shiga a ta takwas, gurbin nan da ya raina, ta doke Milwoki huɗu da ɗaya, ta doke Boston huɗu da uku, ta kai wasan ƙarshe, can Denver ta tsai da ita. Detroit kuma da ta fi kowa shan kashi, 17 da 65, ƙuri'a ta jefa ta zaɓe na biyar, Wembanyama ya tafi San Antoniyo. Kowa ya sami abin da zai riƙe, ba wanda ya sauka daga ra'ayinsa.

A 2024 aka tura ni koyon aiki a wata ƙaramar sakandare ta ƙauye. Da malamin wasanni ya ji na san ƙwallon kwando, ya sakar mini yaran gaba ɗaya. Filinmu na ƙasa ne, zobban kuwa maƙerin garin ya lanƙwasa su. Ina da manya biyar 'yan ajin ƙarshe, da ƙanana bakwai waɗanda na ga alamar za su yi kyau. Aka shiga gasar makarantun yankin, muka ci ɗaya muka faɗi biyu, saura wasa guda. In mun ci, mu wuce, amma mu faɗa hannun wata makarantar kwana mai dogayen yara, wadda ba ta taɓa cin mu da ƙasa da maki talatin ba. Sai na ji muryar Akawu cikin kaina. Na ce a raina, me za mu je yi can? Gara in sa ƙanana su saba da taro, baɗi a ga aiki.

Shugaban 'yan wasana yaro ne mai shekara 16, shiru-shiru, shi ke share fili kafin kowa ya zo, shi ke ɗinke ƙwallo in ta fashe. Na san in ya gama ajin nan ba zai ci gaba ba, an riga an shirya zai tafi birni koyon gyaran babur wurin kawunsa. Ran wasa na karanta sunayen biyar na farko, ba nasa, ba na sauran manya. Bai ce kome ba, ya zauna bisa benci, ya riƙa ba ƙanana ruwa. Sai da aka yi hutun rabin lokaci na lura da wani dattijo tsaye bakin fili, riƙe da keke, ƙura duk ta rufe masa ƙafa. Ya matso ya gaishe ni da ladabi, ya ce, "Malam, sannu da aiki. Yaron ya ce yau zai yi wasa, shi ya sa na bar gona." Na ce, "Sannu, Baba, yanzu zai shiga." Na sa shi da sauran manya a kashi na ƙarshe, amma an riga an yi mana nisa. Aka tashi 31 da 24, su ke da 31.

Da yamma ina tattara kaya, yaron ya zo ya taya ni. Na fara yi masa bayani irin na Akawu, har da Olajuwon da shekara goma da Houston ta jira. Ya saurara har na gama, kansa a ƙasa, sa'an nan ya ce, "Na gane, Malam. Su suna da baɗi. Ni ba ni da baɗi." Ya ɗauki jakar ƙwallo ya kai ofis.

A daren nan na yi ta juya maganar, na ga wurin da lissafina ya karkace. Na ɗaya, na ɗauko dabarar wata ƙasa ban duba ko ta dace ba. A Amurka mai faɗuwa ana ba shi ƙuri'a, a gasarmu ba a ba shi kome sai hanyar gida. Na biyu, ko a can ma, mai ƙungiya da manajansa su ke da shekara biyar ta jira. Ɗan wasan da aka ajiye bisa benci, da mai kallon da ya biya kuɗin shiga a daren, su a ke ci wa bashi ba a tambaye su ba. Shi ya sa a Afrilun 2023 hukumar NBA ta ci Dallas tarar dala 750,000 don ta ajiye manyan 'yan wasanta a wasan da ta ke da sauran damar wucewa. Na uku, wanda ya fi mini zafi, ni ba tsoron a ci yaran na ke ba, tsoron a ci ni maki talatin a gaban malamai na ke, na sa wa tsoron riga na kira shi hangen nesa.

A 2025, shekarar da Ujiri ya bar Toronto, malamin wasannin nan ya aiko mini cewa ƙananan sun kai wasan ƙarshe na gasar. Na nuna wa Akawu, ya buga ƙirji ya ce makarantarsa ce. Mai yiwuwa yana da rabin gaskiya, gama ba a fafe gora ranar tafiya, kuma malamin da ba ya shirin baɗi bai san aikinsa ba. Amma ban yarda wasa guda ne ya kai su can ba. Shekara suka yi suna horo, suka ƙara tsawo. Da na sa manya ran nan, da ƙananan ba su rasa kome ba, yaron kuwa da ubansa ya gan shi tun farkon wasa, ko an ci mu ko mun ci.

'Yan'uwana, ba da daɗewa ba ko wannenmu za a ba shi aji. Za ka tarar da waɗanda ka ke sa ran za su fid da kai kunya a jarrabawa, da waɗanda wannan shekara ce ta ƙarshe da za su zauna gaban malami. Ranka zai ce maka ka zuba ƙarfinka ga na farko, zai kuma kawo maka hujjoji masu kyau, har da alƙaluma. In ya fara, ka tambaye shi wa zai biya. Na sami lambar kawun yaron tun watanni, na rubuta saƙon ban haƙuri sau uku ina sharewa. Na yi wa kaina alkawari in Edita ya buga wannan, zan ɗauki mujallar in kai masa da hannuna a garejin.