Ƙananan baburanmu masu hayaƙi da rairayin Cadakori

Yau maganar babur za mu yi, ƙaramin nan mai hayaƙi da ƙarar zuma, wanda injinsa ke bugu biyu, makanikai na ce masa "de-tan". Dalilin maganar shi ne wani yayi da ya shigo cikin samarinmu: da yaro ya samu tsohon moto, sai ya kai shi gareji a cire matatar iska, a huda salansa, a faɗaɗa jiklar, wai an "buɗe shi". Wata biyu, uku, sai mu ga moton jingine a zaure, kaji na kwana a kansa.

Mu da munka girma cikin ƙarar waɗannan injuna mun san zuriyarsu. Akwai mobilet ta kamfanin Motobécane na Faransa, wadda anka fara ƙerawa a 1949, da Peugeot 103 da ta fito a 1971, da P50, da Yamaha V80 da ake kira Yamaha dam, sai Suzuki AX100 da kwafinsa na Sin irin su Jincheng. Yanzu Kasea da Haojue da Boxer, masu bugu huɗu, sun cinye hanya, ƴan kabu-kabu duk sun koma can. Amma tsofaffin ba su ƙare ba. Su ne a hannun malamin makarantar ƙauye, da dattijon da ke zagayen gonakinsa, da saurayin da kuɗin cin raninsa bai kai na sabo ba. A gidaje da yawa, in naƙuda ta taso da dare ko yaro ya suma da zazzaɓin damina, wanga tsohon ƙarfe shi ne zai kai mutum likita. Don haka in munka ce gyara, tambayar farko ita ce: zai tashi da bugu ɗaya ko biyu da ƙarfe uku na dare?

Sai an san yadda injin yake kafin a gane inda ake cutarsa. Mai bugu huɗu yana kunna wuta sau ɗaya a kowane juyi biyu, kuma yana da ma'ajiyar baƙin mai a ƙasansa. Namu kuwa kowane juyi ɗaya sai ya kunna, ba shi da bawul, ƙofofi ne kawai a jikin silinda da fistan ke buɗewa yana rufewa. Shi ya sa yake da sauƙin kwancewa, yake da zafin tashi fiye da girmansa. Amma ba shi da tafkin mai da zai jiƙa fistan da rulma. Duk santsin da yake samu yana zuwa ne cikin esansin da yake sha, man ya bi ta cikin inji ya ƙone tare da shi. Hayaƙin nan shuɗi da muke gani, man ne.

To nan ake fara kuskure. Wanda ke haɗa mai da hannu, in littafin moto ya ce kashi 2 cikin 100, mililita 20 ke nan a lita ɗaya. In tsohuwar mobilet ce mai son kashi 4, mililita 40. Mu kuwa da murfin gora muke awo, ko da ido, "zuba kaɗan", "ƙara kaɗan". Sirinji mai mililita 10 da ake samu a kowane farmasi ya raba wannan gardama: cikinsa biyu a lita. Kuma kar a ce yawan mai shi ne tausayin inji. In ya yi yawa, buji ya jiƙe, gawayi ya taru a kan fistan da bakin salansa, ƙarfi ya ragu. Abin da ya fi ɓata mana rai shi ne masu zuba baƙin man da anka juye daga mota bayan bidanji. Wancan an yi shi ne don ya zauna cikin inji, kuma ya riga ya kwashi ƙurar ƙarfe. Na ƙonewa shi ne wanda anka rubuta 2T a jikinsa, in an samu mai alamar JASO FC ko FD ya fi tsabtar ƙuna.

Su Yamaha dam da AX100 suna da famfon da ke auna man da kansa, dabarar da Yamaha ta fito da ita tun 1964. Wasu makanikai, da famfo ya fara ciwo, sai su toshe shi su ce a dinga haɗawa a tanki. A wasu injunan Suzuki famfon yana kai mai kai tsaye ga rulman ƙasan inji, saboda haka toshe shi na iya barin rulman da ƙishi ko da an haɗa mai daidai. Gara a gyara famfon, a duba wayarsa, a fitar da iskar da ke cikin tiyo.

Esansin kansa ma labari ne. Shekara da shekaru da na kwalba muke rayuwa, wanda ke shigowa daga Najeriya ta Jibiya da Ɗan Isa, duk da matatar SORAZ ta Damagaram tana aiki tun 2011. Da shugaba Tinubu ya janye tallafin mai ranar 29 ga Mayu 2023, arahar ta tafi, kuma a 2024 gwamnatinmu ta sauke lita daga sefa 540 zuwa 499 a gidan mai. Sai dai mutumin ƙauye har yanzu kwalba ce kusa da shi. Ba mu zargin masu sayarwa, sana'arsu ce. Amma man da ya kwana a jarka, ya bi mazurari, ya zauna a kwalba buɗe bakin hanya, ba ya rasa ƙura da ɗan ruwa. Ramin jiklar bai kai kaurin allurar ɗinki ba. Ƙyalle mai tsabta a bakin mazurari, da ƴar matatar roba da ake sa wa a tiyon esansi, sun isa su rage rabin tsayuwar da muke yi a hanya. In jiklar ya toshe a hura shi da iska. Masu zura masa waya suna faɗaɗa shi ne ba su sani ba.

Yanzu ga babbar maganar, matatar iska. Gaskiya ne in an cire soson, ƙara na ƙaruwa, moto ya yi kamar ya samu sabon rai. Abin da ya faru shi ne iska ta yi wa esansi yawa. Injin da ke shan iska fiye da ƙima zafi yake yi, kuma tunda man santsi cikin esansin yake, ƙarancin esansi ƙarancin mai ne. Ga zafi, ga ƙishi. Sannan a ƙara da ƙasarmu. Duk wanda ya bi hanyoyin ƙauyukanmu cikin hunturu ya san yadda ƙura ke cika haƙora. A injin bugu biyu wannan ƙurar sai ta fara ratsa ƙasan inji, inda rulma suke, kafin ta hau sama ta goge sagiman da jikin silinda kamar sanfefa. Wata rana kan kwalta, ana cikin gudu, fistan ya kumbura ya kama, tayar baya ta ƙulle. Mun ga samarin da sunka bar fatar gwiwa da ta kafaɗa a kan titi saboda haka, kuma masu sa'a ke nan.

Soso wanke shi ake yi. A wanke da ruwa da sabulu ko kananzir, a bari ya bushe sarai, a ɗiga masa ɗan mai, a matse har ya daina ɗiga, a mayar. Lokacin ƙura, sati-sati bai yi yawa ba. Wanda ke son sanin ko haɗin iska da esansi ya daidaita, ya kwance buji bayan tafiya mai ɗan nisa. In bakinsa ya yi kalar shayi da madara, lafiya lau. In ya yi baƙi yana maiƙo, esansi ko mai ya yi yawa, ko soso ya toshe. In ya yi fari fat kamar toka, a tsaya nan, kar a ƙara ko kilomita ɗaya sai an duba.

Salansa kuwa, masu huda ta ba su san cewa a injin bugu biyu tana cikin aikin inji ba. Wani injiniya na Jamus ta Gabas, Walter Kaaden na kamfanin MZ, shi ya ƙware a wannan cikin shekarun 1950: ya ƙera bututu mai kumburi a tsakiya, wanda ke mayar da bugun iska baya ya tura esansin da ke neman tserewa ya koma cikin silinda. Direbansa Ernst Degner ya gudu a 1961, ya koma Suzuki da ilimin, ya ci gasar duniya ta ƙananan babura masu sisi 50 a 1962. Wato tsawo da faɗin bututun lissafi ne. Ƙusa da guduma ba su san lissafin nan ba, ramin da sunka yi esansi yake zubarwa. Abin da tsohuwar salansa ke bukata shi ne a kwance ta a fitar da gawayin da ya toshe ta, a kankare bakin ƙofar hayaƙi a hankali ba tare da an ji wa silinda ciwo ba. Sau da yawa ƙarfin da mai moto ke kukan ya ɓace, nan yake ɓoye.

Akwai kuma abin da ya kamata samarinmu su tuna. Tun 2019 dubban ƴan uwanmu daga Sakkwato, Zamfara da Katsina sunka tsallako cikin gundumar Gidan Rumji, kuma Cadakori na cikin garuruwan da anka zaunar da su, tare da Garin Kaka da Ɗan Daji Makau. Mutanen nan daga hannun mahara masu babura sunka gudo. Ƙarar moto mai hudajjiyar salansa tsakar dare, kai a wurinka burga ce, ita kuwa tsohuwar da ke bayan dangar nan zumbur take tashi tana laluben jikokinta.

Wanda ke son ƙarfi na gaskiya a rairayi, ya duba haƙoran sarƙa. A moto mai sarƙa da giya, in an rage haƙori ɗaya a ƙaramin piyon na gaba, gudun kwalta zai ɗan ragu, amma jan kaya cikin yashi zai ƙaru, injin ya daina nishi da buhun gero a baya. A sassauta iskar taya kaɗan in za a shiga rairayi mai zurfi, a mayar in an hau kwalta. Sarƙa kar a yi mata wanka da mai, don yashi da mai in sun haɗu niƙa ƙarfe suke, shafa kaɗan a goge. Mai mobilet ya duba kuruwa, in ta tsattsage ko tana zamewa, duk gyaran kafireto banza ne.

In kuma an sa sabon fistan da sagiman, a yi rodaji: ɗaruruwan kilomitan farko ba a murɗa maƙura har ƙarshe, ba a ɗaukar mutum uku, a bar inji ya ɗumama minti ɗaya ko biyu da safe kafin a tashi. Sannan a ajiye buji guda sabo da makullinsa a ƙarƙashin sirdi, a naɗe cikin ƙyalle don kar farin kaskonsa ya fashe da girgizar hanya.