Garin da ke kashe fitilun titi domin a ga haske

Eindhoven gari ne a kudancin ƙasar Holan wanda ƙwan lantarki ya raya. A 1891 Gerard Philips da mahaifinsa suka buɗe 'yar masana'antar ƙwan fitila a can, daga nan gari ya tumbatsa. Har yau akwai wani dogon gini da suke kira Lichttoren, inda a da ake kunna ƙwayaye a benayen sama, a bar su dare da rana don a auna tsawon ransu. Tun 2006 kuma, duk watan Nuwamba, garin yana bikin haske mai suna GLOW, wajen mako guda, ba tikiti ba ƙofa. Ɗan ƙanwata da ke karatun injiniya a can shi ya nace sai na zo na gane wa idona.

A wannan watan rana tana faɗuwa kafin ƙarfe 5, ga sanyi mai ratsa ƙashi, ga yayyafi. Muka bi ayarin jama'a a ƙafa, tsofaffi da sanduna, yara a kafaɗun iyayensu. Da muka karya wata kwana sai na ga fitilun titi duk a kashe, na tambaye shi ko lafiya. Ya ce, "Kawu, da gangan ne. Sai da duhu aikin yake fita."

Ai kuwa ya fita. A gaban majami'ar Catharina mai hasumiya biyu, ina tsaye bango ya tsage daga sama, tubala suka riƙa zubowa, ruwa ya kwararo ta tagogi, can kuma furanni suka tsiro suka lulluɓe ginin. Ko ƙwayar tubali ɗaya ba ta motsa ba. Ashe tun da wuri an auna ginin da na'ura, kowane lungu da kowace taga, an gina irinsa a cikin kwamfuta, aka zana wasan a kansa, sannan aka saita manyan majigi su jefa hoton daidai kan layin tubalan. Kuskuren taƙi ɗaya ya isa ya tona asirin abin.

Amma ba nan zuciyata ta tsaya ba. Washegari yaron ya kai ni wani ɗakin ƙira a unguwar Strijp-S, tsoffin masana'antun Philips da aka mayar wuraren sana'a. Wata matashiya ta shimfiɗa fallen roba mai kama da gilashi a cikin wata na'ura, ta rufe murfi, ta danna. Wani ɗigon wuta ya riƙa bin zanen da ke kwamfutarta, ƙaurin roba na tashi, kafin in gama kallo ya fitar da ganyaye masu hujoji, kowanne da lambarsa. Ta miƙo mini ɗaya da sauran ɗuminsa, bakinsa sumul, ba kaifi. A gefe wata na'urar tana ɗora zaren roba layi bisa layi, tana gina mahaɗan da za a ɗaure ganyayen da su a jikin firam na alminiyum.

Ta nuna mini wata igiya mai ɗauke da ƙananan ƙwayayen LED. Kowace ƙwaya tana da ja da kore da shuɗi a cikinta, kowane launi da mataki 256, haɗuwarsu ta haura launi miliyan 16, kuma kwamfuta tana iya yi wa kowace ƙwaya magana ita kaɗai. Shuɗin nan shi ne ya daɗe yana gagara, har sai da masana uku haifaffun Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, suka samo bakin zarensa, aka ba su kyautar Nobel a 2014. Wutar da igiyar ke ci bolt 12 ce ko 24, yaro ya taɓa ba ta jan shi. Ta ce rabin wahalarta ba zane ba ce, ruwan sama ne da iska. Shi ya sa take duba lamba irin IP65 a jikin kaya: 6 na nufin ƙura ba ta shiga, 5 kuma yana jure feshin ruwa. Wannan shidar na riƙe da kyau, don na san abin da ƙurar hunturu ke yi wa fitilun sola a wurinmu, kan hanyar Birnin Kudu zuwa Gwaram.

A bayan gari, wajen Nuenen inda mai zane Van Gogh ya zauna daga 1883 zuwa 1885, akwai hanyar keke mai tsawon mita 600 wadda Daan Roosegaarde ya tsara, aka buɗe a Nuwamban 2014. An dasa dubban tsakuwoyi a jikinta masu shan hasken rana da yini, su fitar da shi da dare, kore-kore, a murɗe kamar taurarin zanen mutumin. Hasken ba shi da ƙarfi, sai ido ya huta yake gani. Na tsuguna na shafa, tsakuwa ce kawai mai sanyi. Su da ranarsu ke leƙowa ta koma ke nan.

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, kayan aiki biyu da suke nema da wahala, duhu da rana, mu a wurinmu a zube suke. Zane ma ba baƙonmu ba ne. Ga shanun da aka zana tun zamanin da a Dutsen Habude da Dutsen Mesa na Birnin Kudu, ga dagi a bangon soro, ga zanen ƙwarya. Ban yarda cewa ado sai wanda ya ƙoshi da lantarki ba. Dandalin da ke da haske mai kyau yana tara mai shayi da mai tsire da 'yan talla, kuma mata ba sa tsoron ratsawa.

Ba sai an sayi na'urar yanka ba tukuna. Mai walda a Gwaram zai iya haɗa firam, masassaƙi ya huda ƙwarya da zanen da ya gada, a sa igiyar LED a ciki, ƙaramin faifan sola a sama. Inda za a yi hattara shi ne batir, domin zafin bazara ne ke cin sa. A yi masa akwati a inuwa mai shan iska, a toshe bakin wayoyi saboda damina, a kuma sa wanda zai riƙa goge faifan duk mako in hunturu ya kama.