Kyamarar Tsaro da Haƙƙin Maƙwabci a Abu Hujar

Garin Abu Hujar yana bakin Shuɗin Kogin Nilu, kudu da Sinja, cikin jihar Sinnar ta ƙasar Sudan, a yankin da mutanenmu suka yi kaka-gida tun bayan shahadar Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi cikin 1903, sa'ad da ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar jama'a zuwa gabas, suka haɗu da waɗanda hanyar Hajji ta tsayar, har noman auduga ya riƙe da yawansu bayan an gama madatsar Sinnar a 1925. Harshensu namu ne, ko da yake Larabci ya shige shi ƙwarai, mazhabarsu kuma ta Imamu Malik ce. Amma a kan sha'anin kyamarar tsaro mai waya, wadda ake kafawa a wajen gida, na iske hankalinsu ya bi wata hanya dabam da tamu.

A Kano, in mai hali ya yi niyyar sayen wannan na'ura, sai ya nufi Sabon Gari ko ya aika a kira mai haɗawa, tambayarsa kuwa ba ta wuce uku ba: kyamara nawa, nisan ganinta da dare, da kwanakin da akwatin naɗiya zai riƙe hoto kafin sabo ya shafe tsoho. A kawo masa Hikvision ko Dahua na ƙasar Sin, huɗu ko takwas, a ɗora su can ƙololuwar katanga kusa da waya mai ƙaya, domin a ganinsa iyakar tsawo iyakar aminci. Uzurinsa sananne ne, gama fashi da satar mutane ba tatsuniya ba ne a ƙasarmu. Sai dai ba safai yakan tsaya ya duba abin da idon nan yake ɗebowa daga bayan katangar wani ba.

Kada mai karatu ya zaci mutanen Abu Hujar sun fi mu kwanciyar hankali. Yaƙin da ya ɓarke ran 15 ga Afrilu 2023 ya kai ga faɗuwar Wad Madani a Disamba na shekarar, ya kai ga Sinja a ƙarshen Yuni 2024, kafin soja su karɓe ta a Nuwamba, kuma wanda ya ga ganima ido da ido ba a koya masa darajar tsaro. Abin da ya bambanta su da mu shi ne fasalin gida. Katangarsu gajeriya ce, tsakar gida kuwa, wadda suke kira hoshi, ita ce ɗakin kwanan iyali a lokacin zafi, inda akan fito da gadajen igiya, mata da yara su kwana a sarari. Saboda haka duk kyamarar da ta ɗara katanga da kamu biyu ta riga ta shiga hurumin maƙwabci, ta ga al'aurar da shari'a ta suturta. Shi ya sa dattijon da ɗansa ya zo masa da shawarar saye, kafin ya tambayi kuɗi, yakan ce: "Ɗana, ina za ta kalla?"

Wannan tambaya tana da asali a littattafan da mu ma muka karanta a zaure. Risalar Ibn Abi Zaid ta hana mutum buɗe tagar da za ta tona maƙwabcinsa, Alƙur'ani mai girma kuma ya hana tajassusi a Suratul Hujurati. To, in har taga, wadda ba ta gani sai wani ya tsaya a bakinta, ta shiga babin cutarwa, ina ga idon da ba ya gyangyaɗi, yana kuma taskace abin da ya gani? A nawa ra'ayi ƙiyasin a fili yake, kuma mu mutanen birni mun yi sakaci da shi. A Abu Hujar an fi ganin kyamara a ƙofar shago ko sito na riɗi da dawa. In ta zo gida, sai a kafa ta ƙasa da kan katanga, a sunkuyar da ita ga ƙofa da guntun hanyar da ke gabanta.

Game da fifita mai waya kuwa, hujjarsu ta fi tamu ƙarfi, domin a Fabrairu 2024 layukan sadarwa sun ɗauke a mafi yawan Sudan, duk na'urar da ta dogara ga intanet ta makance, alhali mai waya tana zuba hotonta cikin akwati a ɗaki, ba ta neman kome sai wuta, wadda faifan hasken rana da batir suke iya ba ta. Wayar da ke ɗauke da wuta da hoto tare ba a so ta zarce mita 100. Lalle ne kuma a zura ta cikin bututu kafin a binne, saboda baƙar ƙasar wannan yanki takan tsattsage da rani ta kumbura da damina; gilashin kyamarar ma yana son shafa bayan kowace guguwar ƙura. Akwatin kuma ɓoye shi ake yi, tun da ɓarawon da ya san aikinsa shi yake fara nema.

Yawancin waɗannan akwatuna suna da hanyar toshe wani sashe na hoto da baƙi, ta yadda tsakar gidan maƙwabci ba za ta shiga naɗiya ba sam. Ina roƙon duk mai kafa kyamara a Kano ko Katsina ya sa mai haɗawa ya yi wannan a gabansa, ya kira maƙwabcin ya duba allon da idonsa, sa'an nan ya canza kalmar sirri da hannunsa ranar da ma'aikacin ya tattara kayansa.