Kukan sarƙar keke

Sarƙar keke ba kuka ɗaya gare ta ba, sai dai mai sauri ba ya tsayawa ya bambance. Siririyar ƙara irin ta ɓera, ƙishin mai ne. In ƙas-ƙas ne mai dawowa a wuri guda duk zagayen sarƙa, wata gaɓa ce ta ƙage. Juya feda baya a hankali za ka ga inda take tsalle. Bugun murfi a tsohon Phoenix ko Raleigh kuwa, sarƙar ce ta saki, sai a ja tayar baya kaɗan.

Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne gurzar hunturu. Masu gyara da yawa baƙin mai suke ɗigawa, wanda aka juye daga inji, saboda arha. Nan take kukan ya ɗauke, mai keke ya hau yana murna. Amma ƙurar Kano a Disamba ba ta ƙyale mai kauri. Manne masa take yi, su zama kwaɓi mai cin ƙarfe, har haƙoran firiwil su yi tsini. A ganina, da rani gara a wanke da kananzir, a bari ta bushe, a sa mai mara kauri irin na keken ɗinki, ɗigo ɗaya kowace gaɓa, sannan a goge na waje da tsumma, tunda a ciki ake bukatarsa. Mai kauri na damina ne.

In an auna gaɓoɓi 24 suka zarce inci 12 sosai, sarƙar ta cinye, sai a canza.