Yadda Na Haɗa Takobin 'Yan Kunfu Da Sifirin Ɗin Mota, Da Abin Da Za Ka Kiyaye Kafin Ka Gwada

Yau ba maganar waya za mu yi ba, ƙarfe za mu taɓa. Ni dai gyaran waya ne sana'ata, ba ni da gadon ƙira, amma na haɗa takobin ƙasar Sin irin wanda muke gani a finafinan Chana, kuma na san akwai masu wannan sha'awar da yawa. Idan kana cikinsu, ka daure ka karanta har ƙarshe, domin abin da zai hana takobin ya raunata ka ko wani na kusa da kai ba a ganin sa a hoto.

Da farko ka san wanne kake so. Manyan takubban Sin iri biyu ne. Akwai dao, mai kaifi ɗaya, mai ɗan lanƙwasa. Akwai kuma jian, miƙaƙƙe mai kaifi biyu, wanda masu wasan taichi suke riƙewa. Idan ka kalli fim ɗin Crouching Tiger, Hidden Dragon na shekarar 2000, takobin da ake ta rigima a kansa jian ne. Shi na zaɓa, tunda ba shi da lanƙwasa, zanensa ya fi sauƙi ga ɗan koyo.

Mutanen nan sun daɗe a harkar. A 1965 an tono wani kabari a lardin Hubei aka samu takobin tagulla na wani sarki mai suna Goujian, wanda ya haura shekara 2,000 a ƙasa, amma ya fito kusan babu tsatsa. Yanzu yana gidan tarihi a birnin Wuhan. Garin Longquan da ke lardin Zhejiang kuwa har gobe da ƙera takobi aka san shi. Maƙeransu na da sukan saka ƙarfe mai tauri a tsakiya, su rufe shi da mai laushi ta gefe biyu, domin kaifi ya riƙe, jiki kuma kada ya karye. Ni da kai ba za mu iya wannan a karon farko ba, don haka ƙarfe guda za mu yi amfani da shi.

Shawarata ta farko: kada ka yi masa kaifi. Masu koyon wasan takobi da yawa da maras kaifi suke atisaye, wasu ma da na katako. Kai da kake son ka koyi aikin ƙarfe ka kuma ɗan motsa jiki, kaifi ba abin da zai ƙara maka sai haɗari, ga yara a gida. Nawa na bar bakinsa da kaurin kusan milimita 2, tsinin kuma na zagaye shi.

Sai maganar ƙarfe. Sifirin ɗin mota, wato waɗannan falle-fallen ƙarfen da ke ƙarƙashin a-kori-kura, shi ne ya fi dacewa, kuma za ka samu a wajen 'yan gwangwan. An yi shi ne don ya lanƙwashe ya dawo, abin da ake nema a takobi ke nan. Ka wanke shi ka duba a rana da kyau, in ka ga ko ɗan layin tsagewa ne, ka bar musu kayansu. Rodin gini da falankin walda ba sa yin tauri yadda ake so. Farin ƙarfen nan maras tsatsa da ake cokali da wuƙar kicin da shi kuwa, a dogon takobi yana iya ɓallewa, ka guje shi.

Sifirin yana zuwa a lanƙwashe kuma da tauri. Sai an gasa shi ya yi ja, an miƙar da shi da masaba, sannan a binne shi cikin toka ya kwana ya huce a hankali. Hakan zai sa ya yi laushin da magagari zai ci shi. Wannan ɓangaren a maƙerar wani dattijo a unguwarmu na yi, domin ba ni da zugazugi ko uwar maƙera. Ka nemi irinsa, ka gaishe shi da ladabi, ka biya shi haƙƙinsa.

Ga awon da na bi. Tsawon ruwan takobin santimita 70, sai wutsiyar da ke shiga cikin ƙota santimita 20. Faɗi daga gindi santimita 3 da rabi, yana sirancewa zuwa 2 da rabi kusa da tsini. Kauri daga gindi milimita 6, a ƙarshe ya koma kamar 3. Wannan ragewar kauri ita mutane suke mantawa, sai takobi ya fito kamar ƙarfen ƙofa, ka kaɗa shi sau biyar wuyan hannunka ya fara ciwo. Jian na gaske yawanci bai kai kilo ɗaya ba, tsakanin giram 700 zuwa 900 yake. Idan ka gama haɗawa, ka ɗora shi a kan yatsa. In ya daidaita a kusan santimita 10 zuwa 15 gaba da ƙarfen da ke kare hannu, to ka yi daidai.

Ka fara zana shi a kwali, ka yanka, ka ɗora a kan ƙarfen ka bi da maka. Sai ka ja layi a tsakiya daga gindi zuwa tsini, ta fuska biyu, ka riƙa gurzawa daga layin zuwa baki. Injin gurza ƙarfe na masu walda zai rage maka aiki, amma magagari da samfefa ne za su daidaita. Tabarau da takunkumi dole ne, kuma kada ka cire murfin injin. Ni da daddare bayan na rufe shago nake yi, ya ci min sati uku.

Yanzu ga wurin da nake so ka fi natsuwa: wutsiya. Takubban ado da yawa ana yi musu wutsiya ne da ɗan siririn ƙarfe da aka liƙa da walda, a rufe da ƙota mai kyau. Kana kaɗawa da ƙarfi waldar ta balle, ruwan takobin ya tashi sama ya nufi duk wanda tsautsayi ya ajiye a wurin. Wutsiya dole ta zama daga jikin ƙarfen takobin aka yanko ta, mai faɗi, ta ratsa ƙotar har ƙarshe. Inda ta haɗu da ruwan takobin kuma kada ka yi kusurwa mai kaifi, ka zagaye wurin da magagari mai zagaye, domin daga irin wannan kusurwar tsagewa take farawa. Mu masu gyara mun san wannan: waya tana iya sheƙi a waje, alhali an yi mata jona-jona a fanel.

Sai wuta. Duk wanda ya taɓa riƙe bulowa ya san zafi kaɗan ba ya narka dalma, in ya yi yawa kuma ka ƙona aisi. Dalmarmu a digiri 183 take narkewa, shi kuma wannan ƙarfen sai ya haura 800 kafin ya karɓi tauri. Ba mu da na'urar awon wannan zafin, amma akwai dabara. Ƙarfe yana daina kama maganaɗisu a wajen digiri 770. Ka ciro maganaɗisun tsohuwar sifika ka ɗaura a sanda. Da zarar ya daina kamawa tun daga gindi har tsini, ka ƙara masa wuta kaɗan, shi ke nan. Mun haƙa dogon rami muka cika da gawayi domin zafin ya game ko'ina. Da magariba muka yi, saboda a rana ido ba ya ganin jan ƙarfe sosai. Dattijon nan ce min ya yi, "Yaro, ƙarfe ba ya son gaggawa, ka bar shi ya nuna."

Daga wuta sai a tsoma shi a tsaye, tsini a ƙasa, cikin dogon bututun ƙarfe cike da man gyaɗa mai ɗumi. Ban da ruwa, yana tsaga irin wannan ƙarfen. Man yana iya kamawa da wuta, don haka a fili za ka yi, da murfi da yashi a kusa, kuma ba a kashe wutar mai da ruwa. Bayan ya huce ka goga magagari, in ya zame bai ci ba, ya yi tauri.

To a wannan halin takobin kamar gilas yake, in ya faɗi zai iya karyewa. Kada ka bari ya kwana a haka. Ka goge shi ya yi fari, ka riƙa gilma shi a saman garwashi a hankali kana kallon launi. Zai fara yin ruwan kara, sannan ruwan hanta, sannan shuɗi, wanda ya yi daidai da kusan digiri 300. Da ya kai shuɗi a ko'ina ka janye, ka bar shi ya huce da kansa. Gwajinsa shi ne ka kafa tsinin a katako ka danna kaɗan, fuskarka a kauce. In ya lanƙwashe ya dawo sak, aiki ya yi.

Ragowar aikin mai sauƙi ne. Ƙota da katako mai ƙarfi, makarin hannu da dunƙulen ƙarshe da tagulla ko ƙarfe, sai ka daddake bakin wutsiyar ya baje ya riƙe komai. Dunƙulen nan shi ke gyara nauyi, in gaba ya rinjaya ka sa wanda ya fi girma. Ka riƙa shafa masa mai saboda tsatsa.

Abu na ƙarshe, takobi ko ba kaifi sunansa takobi. Ba abin yawo a titi ba ne, ba na ɗaukar hoto kana zare ido ba ne, jami'an tsaro ba za su tsaya auna kaurin bakinsa ba. Ka yi masa kube, ka ajiye inda yara ba sa kaiwa, in za ka yi atisaye ka tabbata ba kowa kusa da kai. In kuma ba ka taɓa riƙe magagari ba, ka fara da ƙaramar wuƙa daga guntun sifirin ɗin, ka bi matakan nan duka a kanta tukuna. Allah Ya tsare mu, Ya sa albarka a sana'o'inmu.