Sunayen Da Ba A Rubuta Ba

 

Yau zancen yaƙi zan yi maka. Ka ji a rediyo ana cewa ƙasa kaza za ta tura soja cikin ƙasa kaza don gyara al'amura. Wasu ƙasashe su ce a tura, wasu su ce kada a tura. Kai kuma kana zaune a Rumbu, kana tunanin iri da ruwan sama, ka ce wannan gardamar manya ce. To, ɗan'uwa, manya ke gardamar, amma in harsashi ya tashi, a garin talaka yake sauka. Tun da Allah ya sa ka iya karatu da rubutu, kana da aikin yi cikin wannan magana.

Mu fara da abin da ka gani da idonka.

Ran 26 ga watan Yuli 2023 sojoji suka hamɓare gwamnatin Shugaba Mohamed Bazoum a Yamai, Janar Abdourahamane Tiani ya karɓi mulki. Ran 30 ga wata shugabannin ƙungiyar CEDEAO suka taru a Abuja. Suka ba da wa'adin kwana 7. Suka ce a maida shugaba bisa kujerarsa, in ba haka ba suna iya turo soja. Aka rufe iyaka. Najeriya ta yanke wutar lantarkin da take ba mu. Ka tuna damanar nan. Muna cikin gona, kunne yana ga rediyo. Shinkafa ta yi tsada, magani ya yi wuya. Mai ɗa a Kano ko Legas bai yi barci mai daɗi ba.

Sai kan duniya ya rabu. Senegal da Kwaddibuwa da Benin suka ce a shirye suke su ba da soja. Faransa ta goyi bayan CEDEAO. Mali da Burkina Faso suka ce wanda ya taɓa Nijar ya taɓa su. Aljeriya ta ce ba ta yarda da yaƙi a bakin ƙofarta ba. Cikin Najeriya kanta baki bai zama ɗaya ba. Ran 5 ga Agusta majalisar dattawan ƙasar ta ce ma Shugaba Tinubu a nemi hanyar sulhu. Sarkin Musulmi Sa'ad Abubakar da Janar Abdulsalami Abubakar suka zo Yamai. Ayarin malamai, bisa jagorancin Shehu Abdullahi Bala Lau, shi ma ya zo. Allah ya kiyaye, ba a yi yaƙin ba. A watan Fabrairu 2024 aka ɗage takunkumi. A watan Janairu 2025 Nijar da Mali da Burkina suka fita daga CEDEAO.

Me ya sa mutanen arewacin Najeriya suka ƙi? Sun san tarihi. Jihohi 7 na Najeriya ke iyaka da mu: Kabi, Sakkwato, Zamfara, Katsina, Jigawa, Yobe da Barno. Har yau Sarkin Katsina ake ce ma sarkin Maraɗi, don kakanninsa daga Katsina suka fito bayan jihadin Shehu ɗan Fodiyo. Sarkin Gobir yana Tibiri, ƴan'uwansa suna Sabon Birni. Iyakar da ke tsakaninmu Faransa da Ingila suka shata ta bisa takarda, daga 1898 zuwa 1906. Wanda ya san wannan ya san cewa in ya harba bindiga arewa, ɗakin kawunsa zai samu.

Ka ga amfanin tarihi ke nan. Bari in maida kai baya kaɗan, don ba a 2023 aka fara turo mana soja daga nesa ba.

A shekarar 1899 Faransa ta tura rundunar soja daga bakin kogin Kwara, ta ratsa ƙasar Hausa zuwa tabkin Cadi. Shugabanninta biyu ne, Kaftin Voulet da Kaftin Chanoine, a baki Bule da Shanwan. Turawan cikinta ba su kai 10 ba. Sauran sojoji baƙar fata ne da aka ɗebo daga yamma, da masu ɗaukar kaya da aka kama da ƙarfi. Duk garin da suka isa sai su nemi hatsi da dabbobi da mutane. Wanda ya ƙi, a sa masa wuta. A watan Afrilu suka faɗa ma Lugu, inda Sarauniya ta tare su da mayaƙanta. A watan Mayu suka ci Birnin Ƙonni, suka yi kisa mai yawa. Daga nan suka nufo gabas, cikin ƙasar da yau ake kira jihar Maraɗi.

A lokacin ma kan manya ya rabu. Wani hafsan rundunar ya rubuta wasiƙa gida, ya ba da labarin ta'asar da ake yi. Labari ya kai ga hukuma a Paris. Aka turo Kanar Klobb daga Tumbutu ya tsaida su. Bai sha wuyar bin sawu ba, don toka da gawa suka nuna masa hanya. Ran 14 ga Yuli 1899 ya cim masu a Dankori, kusa da Tasawa. Voulet ya sa aka harbe shi. Bayan kwana biyu zuwa uku, sojojinsu suka juya masu, suka kashe Chanoine da Voulet a wajen Maijirgi. Sauran rundunar ta wuce, ta ci Damagaram a ƙarshen watan.

Yanzu ka lura da abu ɗaya. Na gaya maka sunayen Turawan nan uku. Na gaya maka muƙaminsu da ranar mutuwar Klobb. Kaburburan Voulet da Chanoine suna Maijirgi. To, matar da aka kashe a bakin rijiya a Ƙonni fa, wa ke sunanta? Yaron da aka ɗora ma kaya har ya faɗi bisa hanya, ɗan wa ne? Masu kisan suna da alƙalami, suna rubuta kome a littafi. Waɗanda aka kashe, labarinsu ya zauna a bakin tsofaffi. Tsoho kuwa in ya rasu, yakan tafi da rabin abin da ya sani. Lokacin da nake makarantar horon malamai na karanta wannan labari. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, gefe ɗaya sunaye, gefe ɗaya shiru.

Kada ka ce wannan ya wuce. Ga wani na kusa, wanda ya taɓa gidaje da yawa a ƙasar Dakoro.

A 2011 rikici ya tashi a Libiya tsakanin Kanar Gaddafi da masu tawaye. Aka kai magana Majalisar Ɗinkin Duniya, wato zauren da ƙasashen duniya ke taruwa a Amurka. Kwamitin tsaronta yana da kujeru 15. Ran 17 ga Maris aka jefa ƙuri'a bisa yin amfani da ƙarfi don kare farar hula. Ƙasashe 10 suka ce i, har da uku na Afirka: Najeriya, Gabon da Afirka ta Kudu. Biyar suka ƙi jefawa: Rasha, Sin, Jamus, Indiya da Barazil. Jiragen Faransa da Ingila da Amurka suka fara ruwan bom. Aka yi wata 7 ana yi. Ran 20 ga Oktoba aka kashe Gaddafi.

Jirage suka koma gida. Mu aka bari da sauran. Samarinmu masu cin rani a Libiya suka dawo ta Dirku da Agadas, da yawa hannu wofi. Kuɗin da suke aikowa a sayi hatsi ya tsaya. Rumbunan makaman Libiya suka fashe, bindigogi suka watsu cikin hamada. A 2012 arewacin Mali ya faɗa hannun ƴan bindiga. A 2013 sojan Faransa ya shiga Mali. Wuta ta ci gaba da ci har ta iso gare mu. A watan Disamba 2019 aka kashe sojojinmu 71 a Inates. A watan Janairu 2020 aka kashe 89 a Cinagodar. Ran 21 ga Maris 2021 aka kashe farar hula 137 a yankin Tilliya, cikin jihar Tawa, maƙwabciyarmu. Kowace lamba cikin waɗannan mutum ce. Tana da uwa, tana da garin da aka yi mata suna.

Cikin ajinmu na yamma akwai wata baiwar Allah. Mijinta ya tafi Libiya kafin rikicin, har yau babu shi babu labari. Ranar da ta iya haɗa baƙaƙe, ta rubuta sunanta bisa allo. Sai ta ce: «Mushe, nuna mini yadda ake rubuta nasa.» Ka san al'adarmu, mace ba ta kiran sunan mijinta. Wata ce ta faɗa mini sunan a kunne. Ta rubuta shi sau uku cikin kayenta, a hankali, har ya fita sarai. Ba shi cikin lissafin kowace hukuma. Amma yanzu yana cikin littafi, ɗiyansa kuma za su karanta.

Adalci ya sa in gaya maka ɗaya gefen. Masu cewa a tura soja suna da hujjarsu. A 1994 aka yi kisan ƙare dangi a Ruwanda. Cikin kwana kamar 100 aka kashe mutum wajen 800,000. Duniya ta tsaya kallo, har aka janye mafi yawan sojojin kiyaye zaman lafiya da ke can. A ƙarshen 2016 kuma, shugaban Gambiya Yahya Jammeh ya faɗi zaɓe, ya ƙi sauka. A 2017 CEDEAO ta tura soja, ya bar ƙasar ba tare da an yi yaƙi ba. Ka ga akwai inda zuwan soja ya yi ɓarna, akwai inda rashin zuwansa ya yi ɓarna. Don haka ba a yanke hukunci da zafin zuciya.

To, in ka sake jin ana zancen tura soja, a ko'ina ne, yi waɗannan tambayoyi a majalisarku:

1. Wa ya kira su? Mutanen ƙasar ne, ko wasu suka yanke daga nesa?
2. An gwada sulhu har ya ƙare?
3. Ta wane gari za su bi, a gonar wa za su sauka?
4. In sun tafi, wa zai zauna da abin da ya rage?
5. An taɓa yin irin wannan? Yaya ya ƙare?

Tambaya ta biyar ba mai amsa ta sai wanda ya san abin da ya wuce. Shi ya sa Hausawa suka ce waiwaye adon tafiya.

Ga aikin da nake roƙon ka yi. Nemi kaye sabo da bik. Bisa bango rubuta sunan garinku. Bayan sallar isha'i je wurin dattijo ko tsohuwar da ta fi kowa shekaru. Gaishe su da kyau, ka kai goro in da hali. Tambaye su wa da wa garin nan ya rasa ta hanyar yaƙi, ko hari, ko faɗa, ko tafiyar da ba a dawo ba. Kowane mutum ka ba shi layinsa: sunansa, sunan ubansa, garinsu, inda abin ya faru, da sunan wanda ya ba ka labari.

In ba su san shekara ba, kada ka damu. Muna da namu lissafi. Tsofaffi sun ji labarin yunwar Kakalaba, wato 1913 zuwa 1914. Sun san shekarar da aka samu mulkin kai, 1960. Sun san shekarar da Kunce ya hau, 1974. Sun san El Buhari, 1984, lokacin da fari ya haɗu da rufe iyakar Najeriya. Ka tambaya: kafin El Buhari ne ko bayanta? Da haka za ka kusanci gaskiya. In mutum biyu sun saɓa, rubuta duka biyu. Abin da ba ka ji ba, kada ka ƙara.

Sai gargaɗi ɗaya. Wannan kaye ba na neman fansa ba ne, kuma ba ya zaɓen ƙabila. Mu nan bakin kwarin Tarka, manomi da makiyayi rijiya ɗaya muke sha. A watan Oktoba 1991, a Toda cikin jiharmu, rikicin gona da kiwo ya ci rayuka fiye da 100, mafi yawansu mata da yara na Fulani. Ba baƙo ya zo daga nesa ya yi wannan ba. Don haka Bahaushe, Bafillace, Buzu, soja, farar hula, duk wanda ya faɗi a ƙasarku ka rubuta shi. Ka je ruga ka tambaya kamar yadda ka tambaya a cikin gari.

In kaye ya fara cika, kawo shi aji. Mu karanta tare, mu gyara baƙaƙe, mu kwafe shi biyu don kada gara ko ruwa su cinye. Ɗaya ya zauna wurin maigari, ɗaya wurin liman. Sau ɗaya a shekara, bayan an gama aikin kaka, a karanta sunayen a gaban yara, a yi masu addu'a. Yaron da ya taso yana jin sunayen nan, in ya girma ya zama soja ko ɗan majalisa, zai san nauyin kalmar yaƙi kafin ta fita bakinsa.

Allah ya jiƙan waɗanda suka riga mu. Allah ya ba ƙasarmu da maƙwabtanmu zaman lafiya, ya ba mu damana mai albarka. Sai mun haɗu a aji, kowa da kayensa.